Gubar da Ta Sauko Daga Dutse: Tarihin Rijiyoyin Bangaladesh

A shekarar 1983, wani likitan fata mai suna K. C. Saha, da ke aiki a makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta birnin Kalkata a Indiya, ya fara ganin mutanen karkara suna zuwa masa da ciwo iri ɗaya. Ƙirjinsu da gadon bayansu sun yi ɗigo-ɗigon baƙi da fari, kamar jikin da ƙura ta lulluɓe sannan yayyafi ya taɓa shi. Tafin hannu da tafin ƙafa sun yi kanta mai kauri, wasu har sun tsattsage. A garuruwansu mutane da yawa sun riga sun yanke cewa kuturta ce. Likitan bai gamsu ba. Ya bi sawun abin har ya gano cewa gubar arsenik ce ke cin su, kuma daga ruwan da suke sha take shiga jikinsu, ruwan famfon tuƙa-tuƙa mai haske garau wanda kowa ya yarda shi ne mai tsabta.

Jihar Bengal ta Yamma, inda waɗannan mutane suke, tana maƙwabtaka da Bangaladesh. Ƙasa ɗaya ce a halitta, koguna ɗaya suka shimfiɗa ta, siyasa ce kawai ta ja layi a tsakani. Amma sai da aka shekara goma cur, a 1993, kafin hukumar samar da ruwan sha ta Bangaladesh ta tabbatar da arsenik a wasu rijiyoyi na gundumar Chapai Nawabganj, dab da iyaka. A cikin shekaru goman nan ba a daina haƙa ba, ba a kuma daina sha ba.

Kafin mu zargi kowa, ya kamata mu san halin da ƙasar take ciki lokacin da aka fara haƙa rijiyoyin. Bangaladesh ta sami 'yancin kai a 1971 bayan yaƙi mai muni. Ƙasa ce ta ruwa, amma ruwan shan talaka na kududdufi ne da kogi: nan ake wanka, nan ake wanki, nan dabbobi ke sha, kuma da damina ambaliya ta kwaso bayan gida ta zuba a ciki. Kwalara da gudawa suna ɗibar yara ba adadi. Duk wadda ta taɓa jinyar yaron da amai da gudawa suka tsotse, ido ya faɗa, maɗiga ta lotsa, ana neman jijiyar da za a sa ruwa an rasa, ta san abin da nake nufi. Ba banza ba ne ma a Dhaka da Kalkata aka gwada ruwan gishiri da sukari, wanda yau muke ba yara a ko'ina, har aka tabbatar da amfaninsa a ƙarshen shekarun 1960 da kuma sansanonin 'yan gudun hijira na 1971. Can ne cutar ta fi ƙamari.

To, mafita a fili take: a bar ruwan sama-sama, a nemi na ƙarƙashin ƙasa wanda ƙwayoyin cuta ba su kai gare shi ba. Tun daga shekarun 1970 UNICEF da gwamnatin ƙasar suka duƙufa haƙa rijiyoyin bututu masu famfon hannu. Ƙasar laka ce da yashi, babu dutse, mutum uku ko huɗu da bututu da gora sai su haƙa rijiya cikin kwana ɗaya ko biyu. Da mutane suka ga amfanin abin sai kowa ya shiga haƙa tasa a tsakar gida da kuɗinsa, har rijiyoyin suka kai wajen miliyan goma, mafi yawansu na masu gida ne, ba na hukuma ba. Zuwa shekarun 1990 ana cewa kusan kashi 97 cikin 100 na mutanen karkara suna shan ruwan rijiyar bututu. Mutuwar yara ta ragu ƙwarai, kuma rijiyoyin suna daga cikin dalilai. Duniya ta yi ta yabo. Abu ɗaya ne ba a yi ba: an auna ruwan don ƙwayoyin cuta, amma ba a auna shi don arsenik ba, domin a ilimin wancan lokaci ba a tsammanin samunsa a irin wannan ƙasa ta bakin kogi. An saba ganinsa ne wurin haƙar ma'adinai da wuraren duwatsu masu aman wuta.

Daga ina gubar ta fito, tunda babu masana'antar da ta zubar da ita? Amsar tana can arewa, a tsaunukan Himalaya, kuma sai mun ɗan yi haƙuri da ilimin duwatsu kafin mu gane ta.

Dutse, duk taurinsa, ruwa yana cin sa a hankali. Ruwan sama yana ɗauko iskar da muke fitarwa in mun yi numfashi, sai ya zama yana da ɗan tsami kaɗan wanda harshe ba ya ji. Wannan ruwa, tare da iskar oksijin, yana shiga tsagar dutse yana narkar da ma'adinan da ke ciki. Sai dai ba duka sinadaran ke tafiya hanya ɗaya ba. Wasu, irin sinadarin gishiri da na alli, suna narkewa su bi ruwa har teku. Ƙarfe kuwa da ya haɗu da iska sai ya zama tsatsa, ya manne a jikin ƙwayar yashi, shi ya sa ake ganin jar ƙasa da jan yashi. Akwai kuma sinadaran da suke cikin dutse ɗan mitsitsi, 'yan miligiram a cikin kilo guda. Arsenik na cikinsu. Yana ɓoye a cikin ma'adinai irin su fairait, wanda ke ƙyalli kamar zinariya har ya ruɗi wanda bai sani ba. Idan ruwa ya farfasa waɗannan ma'adinai, arsenik ba ya yin nisa shi kaɗai, sai ya laƙe a jikin tsatsar nan kamar ƙarangiya a jikin zane. Muddin tsatsar tana nan, yana ɗaure.

Kogin Ganga da na Brahmaputra suna kwaso wannan yashi da laka daga Himalaya, kimanin tan biliyan ɗaya a kowace shekara, su sauke a filin Bengal da bakin teku. Dubban shekaru ana wannan jibga, a haɗe da ganyaye da ciyayi da duk abin da ambaliya ta binne. Abin mamaki, da aka auna lakar kanta, arsenik ɗin da ke cikinta bai wuce na ƙasar wurare da yawa a duniya da wani abin a-zo-a-gani ba. Matsalar ita ce abin da ya kwance shi daga ɗaurin da yake ciki.

A nan masana suka rabu biyu a shekarun 1990. Wasu masu bincike na Kalkata, waɗanda su ne suka fi kowa ƙoƙarin tona asirin annobar ƙarƙashin jagorancin Dipankar Chakraborti na Jami'ar Jadavpur, sun ɗauka cewa yawan zuƙo ruwa don noman shinkafar rani ne ya sa ruwan ƙasa ya ja baya, iska ta shiga, ta ruɓar da fairait, arsenik ya fito. A 1998 kuma wasu masana daga Landan, cikinsu har da Ross Nickson da John McArthur, suka wallafa a mujallar Nature cewa akasin haka ne: rashin iska ne ya jawo. Hujjarsu mai ƙarfi ce. Da fairait ne ke ruɓewa, da an sami sinadarin ƙibiritu da yawa a ruwan, sai aka tarar ruwan da ya fi guba shi ne wanda ba shi da shi sosai, ba shi da oksijin, amma yana cike da narkakken ƙarfe.

Ga yadda abin yake. A ƙarƙashin ƙasa akwai ƙwayoyin bakteriya da ke cin ruɓaɓɓun ganyayen da aka binne. Suna buƙatar oksijin kamar yadda muke buƙata. Idan na cikin ruwan ya ƙare, akwai waɗanda ke komawa su yi amfani da tsatsar da ke jikin yashi a madadinsa. Tsatsa ta narke, abin da ke manne da ita ya sami 'yanci, ya shiga ruwa. A 2004 masana a Jami'ar Manchester suka nuna haka a ɗakin gwaje-gwaje da lakar da aka ɗebo daga Bengal ta Yamma. Wannan bayani shi ne mafi yawan masana suka tsaya a kai yau. Kuma gardamar ba ta shan shayi ba ce, domin kowane ɓangare da irin maganin da yake nunawa. In iska ce ke jawowa, sai a hana manoma ban ruwa. In rashin iska ne, sai a nemi inda ƙasar take da sauran tsatsarta, a haƙa can.

Wurin gano wannan ne aisotof suka yi rana. Kalmar tana da nauyi a baki amma ma'anarta ba wuya. Sinadari ɗaya yana iya zuwa da nauyi daban-daban, kamar 'ya'yan uwa ɗaya uba ɗaya, hali ɗaya, amma wani ya fi wani ƙiba. Wasu daga cikinsu ba sa daɗewa, suna rikiɗewa a hankali bisa ƙa'idar lokaci da ba ta canzawa, don haka suna zama agogo. Mu ma'aikatan asibiti mun san danginsu, da su ake wasu hotunan ƙashi da na maƙoshi. Masana ruwa kuma da su suke tambayar ruwa shekarunsa.

Na farko shi ne tiritiyam, wato haidurojin mai nauyi, wanda rabinsa ke ɓacewa duk bayan shekara 12 da 'yan watanni. Gwaje-gwajen bam ɗin nukiliya da manyan ƙasashe suka yi a sararin sama a shekarun 1950 da farkon 1960 sun watsa shi cikin ruwan saman duniya baki ɗaya, ya kai ƙololuwa a 1963. Saboda haka duk ruwan ƙasan da aka sami tiritiyam a ciki da yawa, an san bayan wancan lokaci ya nutse. Na biyu kabon-14 ne, wanda rabinsa ke ɓacewa a shekara 5,730, shi ke auna ruwan da ya daɗe ƙwarai. Da aka yi waɗannan gwaje-gwaje a Bangaladesh, har da hannun hukumar makamashin nukiliya ta duniya, sai hoton ya fito. Ruwan rijiyoyi marasa zurfi sabo ne, na 'yan shekaru ko gomman shekaru. Ruwan can ƙasa, mita 150 zuwa ƙasa, ya shekara dubbai a kwance, kuma mafi yawansa ba shi da gubar.

Dalilin ma yana cikin tarihin ƙasa. Kimanin shekara 20,000 da suka wuce, lokacin da ƙanƙara ta rufe arewacin duniya, teku ta ja baya da wajen mita 120. Tsohon yashin Bengal ya zauna a sarari, iska ta ratsa shi, ruwan sama ya wanke shi na dubban shekaru, ya zama ja ko ruwan goro, tsatsarsa da ƙarfinta. Da teku ta dawo sai koguna suka jibga sabuwar laka mai launin toka a kansa, cike da ruɓaɓɓen ganye. Rijiyoyin talakawa, masu zurfin mita 20 zuwa 50 ko fiye kaɗan, a cikin wannan sabuwar laka suka tsaya, domin nan ne ruwa ya fi kusa, haƙa ta fi araha. Har masu haƙa rijiya aka koya wa duba launin yashin da ke fitowa: mai ruwan goro alamar alheri ce, mai launin toka a yi hattara.

Akwai sauran gardama. A 2002 Charles Harvey na jami'ar MIT da abokan aikinsa, da suka yi aiki a Munshiganj kudu da Dhaka, sun sami sabon kabon a zurfin da gubar ta fi yawa, suka ce ban ruwan rani yana jawo ruwan sama-sama mai datti zuwa ƙasa, yana ciyar da bakteriyar. Wasu masana ba su yarda ba, suka ce abincin da aka binne tun asali ya isa. Abin da ba a gardama a kai shi ne ruwa mai zurfin ma ba a yi masa zuƙar hauka, don a kusa da birnin Hanoi na Biyetnam an ga yadda yawan zuƙa ya jawo ruwa mai guba cikin yashin da da yake lafiya.

Mu koma kan mutane. Hukumar binciken ƙasa ta Birtaniya tare da hukumar ruwa ta Bangaladesh sun auna rijiyoyi 3,534 a 1998 da 1999. A cikin marasa zurfi, kashi 27 cikin 100 sun haura maikurogiram 50 a lita, wanda shi ne iyakar da dokar ƙasar ta sa, kashi 46 kuma sun haura 10, iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta koma kai tun 1993. Aka ƙiyasta mutum miliyan 35 suna shan ruwan da ya wuce ta farko, miliyan 57 ta biyu. Don ku gane ƙanƙantar abin da ake magana, maikurogiram 10 a lita daidai yake da a narka kwatan dunƙulen magi a cikin tankar dakon mai uku, kowacce mai lita 33,000. A shekarar 2000 wata maƙala a mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana lamarin a matsayin guba mafi girma da aka taɓa shayar da al'umma a tarihi.

Mu Hausawa muna cewa ruwa ba ya tsami banza. To wannan ruwan ko tsamin bai yi ba. Arsenik ba shi da ɗanɗano, ba wari, ba launi. Tafasawa ba ta kashe shi, sai ma ta ƙara masa ƙarfi in ruwan ya ƙone. Alamun fata sukan ɗauki shekara biyar zuwa goma kafin su fito, kuma da yawa ba sa nuna komai a fata alhali ciki yana lalacewa: sankarar fata, ta huhu, ta mafitsara, ciwon zuciya da na jijiyoyin jini. Wani dogon bincike da aka yi kan mutum kusan 12,000 a yankin Araihazar, aka wallafa a mujallar Lancet a 2010, ya danganta kusan mutuwa ɗaya cikin biyar a tsakaninsu da arsenik na ruwan sha. Mata kuma sun sha wahala biyu. Saboda an ɗauka kuturta ce ko cuta mai yaɗuwa, an saki wasu, 'yan mata sun rasa mijin aure, an hana yara zama da 'yan uwansu a makaranta. Ciwon ba ya yaɗuwa ko kaɗan. Duk gidan ruwa ɗaya suke sha, shi ke nan.

An je kotu ma. Wani ɗan ƙasar mai suna Binod Sutradhar ya kai ƙarar hukumar da ke kula da masu binciken ƙasa na Birtaniya, saboda a rahoton da suka fitar a 1992 kan ruwan ƙasa na Bangaladesh ba su auna arsenik ba. A 2006 Majalisar Dattawan Birtaniya, wadda a lokacin ita ce kotun ƙoli, ta kori ƙarar, bisa cewa masu binciken ba su ne ke da alhakin ruwan shan jama'ar ƙasar ba. Ta fuskar shari'a magana ta ƙare. Amma ku duba yadda alhakin ya narke: mai ba da kuɗi ya ce shi taimako ya yi, mai haƙa ya ce shi ruwa aka ce ya nemo, mai bincike ya ce ba a tambaye shi ba.

Gyaran da aka yi ya taimaka, ko da yake bai kai ba. Da tallafin Bankin Duniya aka auna rijiyoyi kusan miliyan 5 a farkon shekarun 2000, aka shafa wa bakin famfo jan fenti in yana da guba, kore in lafiya lau. Dabarar ta yi aiki saboda wani hali na ƙasar: rijiya biyu da ke tsakanin taku kaɗan, ɗaya tana iya zama guba ɗaya lafiya. A Araihazar an gano kusan kashi 90 cikin 100 na mutane suna da rijiya mai kyau a cikin tazarar mita 100 daga gidansu. Sai dai mita 100 a takarda ba ita ce mita 100 ga matar da ba ta saba shiga gidan da ba na danginta ba, ko wadda ake gaba tsakanin mijinta da mai rijiyar. Wannan kam mu ba sai an yi mana bayani ba. Wani masanin sinadarai ɗan asalin ƙasar da ke koyarwa a Amurka, Abul Hussam, ya ƙera matatar bokiti mai suna Sono, wadda ke amfani da ƙarfe ta kama gubar, wato dabarar tsatsar nan dai aka maido cikin gida. Ya ci kyautar dala miliyan ɗaya a 2007 saboda ita. An kuma haƙa rijiyoyi masu zurfi da yawa. Amma fenti ya koɗe, an haƙa sababbin rijiyoyi ba a auna ba, kuma a 2016 ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoton cewa mutum wajen miliyan 20 suna nan suna shan ruwan da ya wuce iyakar doka, ta kuma zargi 'yan siyasa da karkatar da rijiyoyin gwamnati zuwa ga magoya bayansu maimakon ƙauyukan da suka fi buƙata.

Wani zai ce, to Bangaladesh ina, mu ina? 'Yan uwa, abin ya taɓa faruwa a tsakar gidanmu, da wani sinadarin daban. A Tibiri, kusa da Maraɗi, rijiyar burtsatse da aka fara sha daga gare ta a tsakiyar shekarun 1980 tana ɗauke da fuloraid wanda ya ninka iyakar Hukumar Lafiya ta Duniya, miligiram 1.5 a lita, sau uku zuwa huɗu. Shekaru aka yi ana sha. Haƙoran yara suka rine, ɗaruruwa ƙafafunsu suka lanƙwashe, har ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam suka fitar da rahoto a kai a 2002. A gundumar Bongo da ke arewacin Ghana, dutsen da garin ke zaune a kai yana sakin fuloraid, har an rufe wasu rijiyoyin bayan an gama kashe kuɗin haƙa su. An san matsalar a yankin Langtang na jihar Filato. A arewacin Burkina Faso kuma, wajen Ouahigouya, arsenik ɗin ne da kansa aka samu a rijiyoyin burtsatse, daga duwatsu masu zinariya. Kowace ƙasa da irin dutsenta, kowane dutse da abin da yake ba ruwa.

Mu da ke zaune a waje, babu sadakar da muka fi so kamar rijiya. Iyaye sun rasu, 'ya'ya su haɗa kuɗi a haƙa burtsatse da sunansu. Ƙungiyar 'yan gari ta yi karo-karo da azumi, a turo bidiyon ruwa yana feshi, yara suna tsalle, kowa ya ce Allah ya karɓa. Aiki ne mai kyau, Allah ya ƙara mana ikon yi, kuma ruwan burtsatse ya fi na kududdufi nesa ba kusa ba. Roƙona ɗaya ne. A cikin kuɗin aikin a ware na gwaji, a sa shi cikin yarjejeniya da mai haƙa tun kafin ya kawo injinsa. A kai ruwan ɗakin gwaje-gwaje na hukumar ruwa ko na jami'a, a ce musu ba ƙwayoyin cuta kaɗai ake so ba, a duba fuloraid da arsenik da dalma da naitiret. A karɓi sakamakon a rubuce, a nuna wa wanda ya iya karanta shi, kada a tsaya ga "ai ruwan garau yake, har daɗi gare shi." Rijiyar maƙwabta ta fita lafiya ba hujja ba ce, kowacce da nata gwajin. Bayan shekara biyu ko uku a sake aunawa. In kuma aka ga haƙoran yaran da suka tashi da ruwan sun fara yin ja ko ruwan ƙasa, a koma kan rijiyar kafin a koma kan yaran.

Idan gwaji ya nuna matsala, rufe rijiyar da ka haƙa da sunan mahaifinka abu ne mai ciwo, kuma za a yi surutu a gari. Amma ruwan zai iya yin wanki da gini, a nemi na sha a wani zurfin ko wani wurin. Mutanen da suka haƙa rijiyoyin Bangaladesh suna da uzurin cewa ba su sani ba. Tun daga 1993 wannan uzuri ya ƙare wa kowa.